Furen bakin rijiya da allurar Shika: a dafa ganyen ko a koma asibiti?

Gwaggon Yaro, Unguwar Mu'azu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, wanda ya sani don Allah ya yi magana, wanda bai sani ba ya sa mu a addu'a. Ɗan yayana ne, shekararsa 7. Da kumburin muƙamuƙi ya fara, muka ɗauka haƙori ne, har aka cire masa ɗaya. Cikin sati uku fuskar ta karkace, sauran haƙoran gefen suna girgiɗa, tuwo ma sai an dama masa kamar kunu. Aka tura mu asibitin koyarwa na Shika a Zariya, aka yanki ɗan nama aka auna, aka ce daji ne, irin wanda ake kira Burkitt. An yi masa kemo, wato alluran kashe daji, zagayen farko, kuma wallahi kumburin ya sace, har ya fara fita ƙofar gida.

To ga inda matsalar take. Wani ɗalibi maƙwabcinmu ya ga takardar magani, ya ce ɗaya daga cikin alluran, binkiristin, daga furen nan da ke bakin rijiyarmu ake yin ta. Mai ruwan hoda ɗin nan, wani fari, da ake shukawa a gwangwanin madara. Ya nuna mana hotonsa a waya, shi ne sak. Tun ranar Hajiya, kakar yaron, ta kafe a kan a tsinko ganyen a dafa masa. Ta ce yayana ya riga ya sayar da babur ɗinsa, me za a sayar a zagaye na uku? Dama can ita ra'ayinta daji ba ya son allura. Zagaye na biyu ranar Talata ne. Shin gaskiya ne daga furen ake yi? In gaskiya ne, me zai hana a dafa?

Ɗan Kawo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Nas ɗin Yara:
'Yar'uwa, kafin a shiga dogon bayani, ki riƙe wannan: kada ku tsallake Talata. Burkitt yana cikin dajin da ya fi kowanne saurin girma, cikin kwana ɗaya zuwa biyu yana iya ninka kansa. Saurin nan ne ya sa kemo ke kama shi da wuri, shi ya sa kuka ga kumburin ya sace. Amma sacewar kumburi ba warkewa ba ce, akwai saura a jiki da ido ba ya gani. Abin da ya fi ci mini rai a aikin nan shi ne iyayen da ke ɗauke yaro bayan zagayen farko don sun ga sauƙi. Bayan wata biyu su dawo da shi, ciki ya kumbura, ƙafa ta daina ɗaukarsa, maganin da ya yi aiki da farko kuma yanzu ba ya jin sa kamar da.

Malamin Harhaɗa Magunguna, Zariya:
Gwaggon Yaro, ɗalibin nan bai yi ƙarya ba. Sunan furen a kimiyyance Catharanthus roseus, asalinsa daga tsibirin Madagaska, amma yanzu ba ƙasar zafi da ba ya fitowa. Ku duba gaban ofisoshi da makarantu a Kaduna, za ku gan shi ko ba a ba shi ruwa.

Bari in fara da abin da ake kira alkaloyid, don kalmar za ta yi ta dawowa. Wani rukunin sinadarai ne da tsirrai ke ƙerawa, suna ɗauke da naitirojin, yawancinsu masu ɗaci, kuma kaɗan daga cikinsu kan motsa jikin mutum sosai. Mun san su ba tare da mun san sunan ba. Abin da ke hana barci a goro alkaloyid ne. Nikotin na taba haka, kwinin na zazzaɓi haka. Abin da ke cikin zaƙami, wanda ke sa matashi ya tuɓe riga yana surutai a titi, shi ma alkaloyid ne. Tsiro yana yin su ne don kare kansa daga ƙwari da dabbobi, wato tun asali makami ne.

Labarin furen nan kuwa daga maganin gargajiya ya faro. A Jamaika mutane suna shan ruwan ganyensa don ciwon sukari. A shekarun 1950 aka aika ganyen zuwa wata jami'a a Kanada, wurin wani likita mai bincike, Robert Noble. Ya ba dabbobin gwaji ta baki, sukari bai sauka ba. Da ya yi musu allurarsa, sai ɓeraye suka riƙa mutuwa. Da aka bincika aka ga fararen ƙwayoyin jininsu ne suka ƙare, ɓargo ya daina ƙera su, ƙwayar cuta ta samu ƙofa a buɗe. Nan tunani ya zo: abin da ke karya fararen ƙwayoyin jini, ba zai yi amfani ba a dajin jini, inda su ne suka yi yawa fiye da kima? Shi da Charles Beer suka ware sinadarin binbilastin a 1958. Kamfanin Eli Lilly na Amurka ya fitar da ɗan'uwansa binkiristin, aka amince da shi a 1963. Shi ne ake yi wa ɗanku.

Yadda yake aiki: duk ƙwayar halitta in za ta rabu biyu sai ta miƙa wasu zarurruka siraran gaske da za su ja kayan gadonta zuwa ɓangare biyu, kamar yadda masaƙi ke ja zare kafin ya fara saƙa. Binkiristin yana hana zaren haɗuwa. Ƙwayar ta tsaya a tsakiyar rabuwa, ta mutu. Daji kullum cikin rabuwa yake, don haka shi ya fi shan wuya.

Jikan Mai Magani, Tudun Wada:
Malam, na gode da ka faɗi gaskiya cewa daga gargajiya aka samo. Da yawanku ba sa faɗa. Amma ka ga abin da ke ba mu haushi kenan. Bature ya zo ya ɗauki ganye, ya zuba a kwalba, ya sayar mana da tsada, sannan a ce mu namu jiƙon guba ne. Kakana ya shekara fiye da 40 yana ba da magani, har daga Birnin Gwari ake zuwa wurinsa. Na ga masu daji da ya warkar da idona.

Mai Shago a Kasuwar Barci:
Malam na Zariya, ganye nawa ake buƙata a samu allura ɗaya? A ba mu lissafi mu gani.

Malamin Harhaɗa Magunguna, Zariya:
Ana ƙiyasta busasshen ganye kilo 500 kafin a samu giram 1 na binbilastin. Binkiristin ya fi ƙaranci, wajen kilo 2000 a giram 1. Nauyin buhun masara 20 kenan, a samu abin da bai cika ƙaramin cokali ba.

Mai Shago a Kasuwar Barci:
To tsaya Malam, ni ɗan kasuwa ne. Giram 1 miligiram 1000 ne. Nas, nawa ake yi wa yaro a lokaci ɗaya?

Nas ɗin Yara:
Da tsawonsa da nauyinsa ake lissafawa. Yaro kamar wannan bai fi miligiram 1 da ɗan wani abu ba. Babban mutum ma galibi ba a wuce masa miligiram 2.

Mai Shago a Kasuwar Barci:
Ka ga kenan kilo 2 na ganye ya ba da miligiram 1. Kilo 2 ai ba abin tsoro ba ne, gida uku a layinmu za su tara shi. Ba gardama nake ba, so nake in fahimta, don in Hajiya ta yi wannan lissafin me za a ce mata?

Malamin Harhaɗa Magunguna, Zariya:
Lissafinka daidai ne, kuma na ji daɗin tambayar, don nan ne gizo ke saƙar. Abu na farko, binkiristin ba ya shiga jini yadda ya kamata ta hanji. Shi ya sa duk duniya ba a yin ƙwayarsa ko ruwansa na sha, ta jijiya kawai ake ba da shi. Ka tuna Noble ma sai da ya yi allura ya ga abin da ya gani. Ko yaron ya shanye tukunyar, abin da ake nema ba zai isa inda dajin yake ba.

Na biyu, ba shi kaɗai ne a ganyen ba. Akwai alkaloyid fiye da 100 a tsiron nan, kuma wanda muke so yana cikin mafiya ƙaranci. Sauran su ne za su cika kofin. A cikinsu akwai masu saukar da hawan jini, akwai masu taɓa jijiyoyi. Yaron da kemo ya riga ya rage masa jini, hantarsa na fama da magunguna uku, a ɗora masa wannan?

Sannan awo. Tsakanin adadin da ke kashe daji da wanda ke kashe mai dajin, tazarar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ganyen da ya fito a bakin rijiya da wanda ya fito a kan tsakuwa ba ƙarfinsu ɗaya ba, na damina daban, na rani daban. Da wane ludayi za a auna miligiram 1 a tukunya?

Nas ɗin Yara:
In ƙara a kan na Malam. Mu da ke riƙe da sirinjin muna tsoron maganin nan. In ya zube a wajen jijiya yana cin nama, shi ya sa za ki ga mun tsaya a kan yaro muna duba hannun har a gama. A firji yake zama. Kuma a Burkitt ba shi kaɗai ke aikin ba, ana haɗa shi da wasu magungunan irin su saikulofosfamaid da metotireksat, waɗanda ba daga fure suke ba. Ko da a ce dafa ganyen yana ba da binkiristin, ƙafa ɗaya ce ta murhu.

Maman 'Yan Biyu, Rigasa:
Ban cika magana a zauren nan ba, amma yau ba zan iya shiru ba. Mahaifiyata ta ji ƙullutu a mamanta, bai fi ƙwallon dabino ba. Likita ya ce a yanka a auna. 'Yan'uwa suka taru suka ce kul, daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi zai fantsama. Aka kai ta wurin wani mai magani a bayan gari. Ya ba da garin sha a kunu, da wani baƙin haɗi na shafawa. Na shafawar ya ɗaye fatar, wurin ya buɗe, ya ce ai dajin ne ke fita. Wata 9 muna haka. Ni nake wanke ciwon safe da yamma, ina sa turaren wuta a ɗakin don kada masu zuwa dubiya su ji, ita kuma tana kau da kai don kada in ga hawayenta. Ranar da muka kai ta asibiti likitar ta dube ni ta ce, ina kuka tsaya? Ba ta yi wata 3 ba ta rasu. Kuɗin da muka kashe a wurin mai maganin, da raguna biyu da ya karɓa, ya fi abin da aka ce mu kawo na aikin tun farko.

Gwaggon Yaro, ki karanta wa Hajiya wannan. Ki ce wata 'yarta ce a Rigasa ta roƙe ta.

Ɗan Kawo:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Mama, ya sa Aljanna ce makoma.

Jikan Mai Magani, Tudun Wada:
Allah ya gafarta mata. Maman 'Yan Biyu, wannan ba mai magani ba ne, ɗan damfara ne, irin masu ɗaura lasifika a kan mota suna cewa kwalba ɗaya tana maganin cuta 20. Kakana in ya taɓa ƙullutu ya ji shi da tauri kamar dutse, ba ya motsi, cewa yake wannan ba nawa ba ne, ku tafi asibiti. Amma a yi adalci, asibitin ma suna kora mutane da halinsu. Na raka ƙanwata wani asibiti, tun asuba muke layi, aka ce mu dawo bayan sati 6, ko kallon fuskarta ba a yi ba. Mai magani kuwa zai shimfiɗa maka tabarma ya saurare ka.

Nas ɗin Yara:
Wannan gaskiya ce, ba zan kare ta ba. Muna da laifi a nan, kuma yana cikin abin da ke mayar da mutane baya. Amma game da waɗanda ka ga kakanka ya warkar, akwai abin da nake so mu duba tare. Kalmar daji a bakin Bahaushe tana da faɗi. Gyambon da ya ƙi warkewa daji ne, kumburin ƙafa mai zafi da ja daji ne, maruru mai baki da yawa daji ne, ƙurjin mama na mai shayarwa ma wasu daji suke ce masa. Da yawa cikin waɗannan ƙwayar cuta ce, suna iya warkewa da wanki da kulawa. Wanda asibiti ke kira kansa sai an duba naman a madubin likita ake tabbatar da shi. Ina jin a nan muke saɓawa, suna ɗaya muke kira, cuta daban-daban muke nufi.

Ɗaliba Mai Bincike, Samaru:
Yaya Jikan Mai Magani, ni a ɓangarenka nake fiye da yadda kake zato, don aikin digirina na biyu a kan itatuwanmu ne. Bari in ba ka misali da namu na gida. Fasa-ƙwari, wanda ake asuwaki da saiwarsa ana sa shi a yaji, wanda ke sa harshe ya yi zir. Tun 1972 masu bincike a Amurka suka ciro wani alkaloyid daga saiwarsa, suka sa masa suna fagaronin, suka ga yana taɓa dajin jini a jikin ɓeraye. Yau fiye da shekara 50 kenan, bai zama maganin da likita zai rubuta ba.

Abin da muke yi a ɗakin gwaji shi ne: mu shanya saiwa a inuwa, mu daka, mu jiƙa a sinadari kwana da kwanaki, mu tace, mu ƙafar da ruwan har ya koma wani ɗanko baƙi a gindin kwalba. Mu ɗiga masa wani ruwan gwaji, in ya yi gudaji ruwan lemo mun san akwai alkaloyid. Daga nan a zuba a kan ƙwayoyin daji da ake renonsu a ɗan faranti. In sun mutu sai a rubuta cewa tsiron yana da alamar amfani. Wannan kalmar, alama, ita ce ke ɓacewa kafin labarin ya iso WhatsApp. A faranti ko ruwan bilic ka zuba ƙwayoyin za su mutu. Tambayar ita ce, zai kashe dajin ya bar mutumin? Sai an bi ta dabbobi, sannan mutane kaɗan don a ga illa, sannan mutane da yawa don a gwada shi da maganin da ake da shi. Fiye da 9 cikin 10 na magungunan daji da suka kai matakin gwaji a jikin mutane a hanya suke zubewa.

Akwai kamtotesin, daga wata bishiyar ƙasar Sin, an ciro shi a 1966. Da aka gwada a mutane ya riƙa sa fitsarin jini, aka ajiye shi shekaru, sai da aka sauya masa gini aka samu irinotekan da ake yi wa masu dajin hanji yanzu. Wani lokacin ma sakamakon ne ke yaudara. A 2013 wasu suka ba da sanarwar sun samu tiramadol a saiwar tafashiya a Kamaru, duniya ta ɗauka. Shekara ɗaya bayan haka wasu masu binciken suka nuna daga fitsari da kashin shanun da ake ɗura wa tiramadol don noma ya shiga ƙasa, saiwar ta zuƙa.

Jikan Mai Magani, Tudun Wada:
To ƙanwata, in mun ba ku sirrin, mu me za mu samu? Mutanen Madagaska me suka samu a furensu?

Ɗaliba Mai Bincike, Samaru:
Kusan ba komai, kuma har yau ana kafa misali da su in ana maganar wannan zalunci. Shi ya sa aka yi yarjejeniyar Nagoya a 2010, cewa wanda aka ɗauki tsironsa ko iliminsa a raba amfanin da shi. A nan gida ma an taɓa yi: cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samo haɗin maganin sikila na Niprisan daga wurin wani mai maganin gargajiya, da yarjejeniya a rubuce, kuma a cikin haɗin akwai masoro da kanumfari da karan dafi. Abin da ke damuna, dattawa irin kakanka suna tafiya da abin da ke kansu ba a rubuta ba. In akwai littafinsa ko wanda ya gaje shi, ina so mu zauna.

Jikan Mai Magani, Tudun Wada:
Akwai kundinsa na ajami a wurin baffana. Zan yi masa magana, amma ban yi alkawari ba. Kuma har yanzu ina nan a kan cewa akwai abin da ke jejin nan da ya fi na kwalba.

Mai Shago a Kasuwar Barci:
Masu kwalaben da ke da lambar NAFDAC fa, da aka rubuta suna maganin daji?

Malamin Harhaɗa Magunguna, Zariya:
Ka duba lambar, in ta ƙare da harafin L, rajistar wucin gadi ce ta cewa an duba ba a ga guba a fili ba. Ba shaidar yana warkarwa ba ce. A jikin kwalbar ma za ka ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Baba Liman, Badarawa:
Na karanta duka. 'Yata Gwaggon Yaro, kada ku je wa Hajiya da cewa ba ta sani ba, tsoro ne da tausayin ɗanta ke sa ta magana. Ku ce mata ta yi gaskiya, maganin yana cikin furen, Allah ne ya sa shi a ciki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Sai dai an tace shi ne aka ba jikanta tsantsarsa. Ita da ta san ba a cin rogo mai ɗaci sai an jiƙa an sarrafa, za ta gane. Ku tafi da ita Shika ta gani da idonta. Batun kuɗi kuma, ki sa yayanki ya same ni bayan Isha'i, za mu yi magana da jama'ar masallaci.

Nas ɗin Yara:
Ku kuma nemi ofishin taimakon marasa galihu a cikin asibitin, ku kai takardunku. Maganin kuma in za ku saya a waje, ku saya inda kuka ga an ciro shi daga firji, ku sa shi a kula da ƙanƙara har ku isa.

Gwaggon Yaro, Unguwar Mu'azu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da dare na karanta wa Hajiya saƙon Maman 'Yan Biyu, ta yi shiru, ta ce a sake karanta mata. Da safe ta ce za ta bi mu, amma ta ce ita za ta riƙa tofa masa addu'a a ruwa, na ce wannan ba mai hana ta. Baba Liman, yayana zai zo yau insha Allah.

Anti Nas, tambaya ɗaya: kwana uku kenan bai yi bayan gida ba, kuma yana cewa yatsunsa na yi masa kamar tafiyar kiyashi. Na maganin ne?

Nas ɗin Yara:
Duka biyun binkiristin na kawo su, don yana taɓa jijiyoyi har da na hanji. Ki ba shi ruwa sosai, da gwanda da miyar kuɓewa ko ayoyo, kada ki ba shi maganin wankin ciki na kemis ko na gargajiya. Ki faɗa wa likita tun kafin a ɗaura allurar, wani lokaci sukan rage adadin. In cikin ya kumbura ko ya fara amai, ko jikinsa ya yi zafi ko da tsakar dare ne, kada ku jira Talata, ku tafi a lokacin.

Ɗan Kawo:
Ina da kaya da zan kai Samaru ranar Talata, motar ba kowa a baya. Ku tsaya a ƙarƙashin gadar Kawo ƙarfe 6 na safe, zan sauke ku har ƙofar asibitin. Ku nawa ne?

Gwaggon Yaro, Unguwar Mu'azu:
Mu huɗu ne da Hajiya. Ƙafarta na ciwo, in da hali a bar mata gaba.